Binciken rigakafin wahalar ƙuruciya: yadda ake gina wannan sana'a daga Damagaram

Ba sai mutum ya yi digiri ba kafin ya san cewa yara na shan wahala a jihar Damagaram. Almajirai na nan da robobinsu a bakin Kasuwar Dole, ƴan talla na nan a tasha har bayan isha'i, ɗakunan jinyar tamowa kuma suna cika duk shekara idan rumbuna suka yi ƙasa kafin kaka. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawawwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne, da yawansu daga yankin Kance suka taso. Sanin akwai matsala ba shi ne ya yi mana ƙaranci ba. Abin da babu shi ne amsar tambaya mai wuya: a cikin duk abubuwan da gwamnati da ƙungiyoyi suke yi da sunan kare yara, wane ne yake rage wahalar da gaske, ga waɗanne yara, kuma a kan nawa? Amsa wannan tambayar ita ce sana'ar mai binciken aikin jin daɗin jama'a a jami'a. Duk ɗalibin da ke sha'awar shigarta ya kamata ya san abin da ta ƙunsa tun kafin ya zaɓi taken kundinsa.

Fannin ya samu ƙarfinsa ne daga wani bincike da aka yi a birnin San Diego na Amurka tsakanin 1995 da 1997. Likita Vincent Felitti na asibitocin Kaiser Permanente da Robert Anda na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun tambayi manya fiye da 17,000 abin da ya same su kafin su kai shekara 18. Abubuwa goma aka ƙirga: duka, zagi da wulaƙanci, lalata da yaro, rashin kulawa ta jiki, rashin kulawa ta zuciya, ganin ana dukan uwa, mashayi a gida, mai taɓin hankali a gida, rabuwar iyaye, da ɗaure wani na gida a kurkuku. Kusan kashi biyu cikin uku sun ce aƙalla ɗaya ya same su. Rahoton farko da ya fito a 1998 ya nuna cewa waɗanda abu huɗu ko fiye ya sama sun fi waɗanda ba abin da ya same su haɗarin shaye-shaye, ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai da ninki 4 zuwa 12, har ciwon zuciya ma ya fi kama su. Daga nan aka fara kallon abin da ke faruwa da yaro a tsakar gida a matsayin sha'anin lafiyar al'umma.

Amma wanda ya ɗauko wannan ma'aunin ya kawo shi Mirya ko Magarya yadda yake, zai auna abin da ba shi ne ba. Mutanen San Diego masu inshorar lafiya ne, yawancinsu sun yi karatu mai zurfi. Jerin nasu babu yunwa, babu mutuwar uwa, babu auren wuri, babu tura yaro bara, babu gudun hijira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗaɗa jerin zuwa kashi 13, ta ƙara cin zalin tsara, tashin hankalin unguwa da na yaƙi, amma duk da haka da sauran gyara. Babban aibin ma yana cikin lissafin kansa: kowane abu maki ɗaya ne. Yaron da iyayensa suka rabu ya koma hannun kakarsa mai son sa kamar ranta yana da maki ɗaya, yarinyar da aka yi wa fyaɗe ita ma maki ɗaya. A ƙasar da sakin aure ya yawaita, riƙo kuma al'ada ce, wannan lissafin yana haɗa gidan rufin asiri da gidan azaba a kwando guda. Anda da kansa ya yi gargaɗi a 2020 cewa makin bai dace a yi wa mutum ɗaya hukunci da shi ba, na nazarin jama'a ne. Wani nazari na 2019 da ya tattara bincike da dama ya gano cewa kusan rabin waɗanda aka rubuta an cutar da su suna yara ba su faɗi haka ba da aka tambaye su bayan sun girma. Ke nan tambayar babba abin da ya tuna da bin yaro tun yana ƙarami hanyoyi ne biyu da ba su kama mutane iri ɗaya.

Hanyar karatu a takarda gajera ce. Bayan bak, lisansi shekara 3, masta shekara 2, doktora shekara 3, ko da yake doktorar da ke da aikin fili ba kasafai take ƙarewa a kan lokaci ba. Ana iya tasowa daga ilimin zamantakewa, ilimin halayyar ɗan Adam, ilimin tarbiyya ko lafiyar al'umma, a Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram ko Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Ko ta wace ƙofa aka shigo, akwai abubuwan da aji ba ya bayarwa isassu, sai mutum ya nema da kansa. Ƙididdiga na ciki, har mutum ya iya buɗe bayanai a manhajar lissafi ta kwamfuta irin R ko Stata ya yi lissafinsa da hannunsa ba tare da ya biya wani ba. Turancin Ingilishi na ciki, domin mafi yawan gwaje-gwajen wannan fanni da shi aka wallafa su, wanda Faransanci kaɗai yake karantawa zai riƙa samun labari a makare. Sai zama da mutane, wato hira mai tsawo da lura da ido, irin aikin da cibiyar LASDEL ta Yamai, wadda aka kafa a 2001, ta yi suna a kansa. Masu lissafi da masu hira sukan raina juna. A wannan fanni kuwa wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya bai kammala ba: lissafi zai gaya maka shiri ya yi aiki ko bai yi ba, hira ce za ta gaya maka dalili.

Shawarar da muka fi ba muhimmanci ita ce a yi shekara ɗaya ko biyu a aikin hannu kafin doktora, a ofishin kare yara, ko kusa da alƙalin yara, ko a ɗakin jinyar tamowa. Lucie Cluver, farfesa a Oxford da Cape Town, wadda tana cikin waɗanda suka fi tasiri a binciken tarbiyya a Afirka, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce a Afirka ta Kudu kafin ta zama mai bincike. Wanda ya taɓa neman inda zai kwantar da yarinyar da ta gudo daga gidan miji da ƙarfe goma na dare ya san inda tsarin yake yoyo, kuma tambayoyinsa za su bambanta da na wanda a littafi kawai ya san shi.

Zaɓen tambaya shi ne inda yawancin kundaye suke mutuwa. "Matsalar almajiranci a birnin Damagaram" ba tambaya ba ce, kanun labari ne. Tambaya ita ce irin wannan: tsakanin almajiran da iyayensu ke aiko da hatsi ko suke ziyara da waɗanda aka manta da su, akwai bambanci a awowin bara, a duka, a nauyin jiki? Wannan ana iya auna ta, kuma amsarta tana nuna abin da za a iya taɓawa ba tare da an yi faɗa da makarantar allo ba. Ɗalibin masta da ba shi da kuɗin fita fili ya fara da bayanan da suke akwai. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta gudanar, wanda ya nuna kashi 76 cikin ɗari na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin 18, kashi 28 kuma kafin 15, ana samun ɗanyen bayanansa kyauta bayan an rubuta buƙata. Ana iya ware jihar Damagaram a ciki a yi aiki mai kyau da shi.

Aikin fili kuwa, a nan ake gane gwani. Takardun tambayoyin da aka saba da su a duniya, irin su ICAST na auna cin zarafi da SDQ mai tambayoyi 25 na auna halayyar yaro, ana juya su zuwa Hausa, wani daban wanda bai ga asalin ba ya maido su, a kwatanta. Wannan rabin aiki ne. Ragowar shi ne a zauna da iyaye mata goma zuwa goma sha biyar, a karanta musu kowace tambaya, a ce su faɗi abin da suka fahimta da bakinsu. Idan aikin zai kai Gure ko Tanut, sai an sake yin haka da Barbarci ko Fulatanci ko Buzanci, kada a bar wa mai tambaya ya riƙa fassara a tsaye, domin masu tambaya goma za su yi fassara goma. Kada a tambayi uwa ko tana cin zarafin ɗanta, babu wadda za ta ce e. A tambayi aiki da lokaci: a cikin sati huɗun da suka wuce, sau nawa aka doke shi da hannu, sau nawa da bulala ko takalmi, ya taɓa jin ciwon da ya bar shaida, an taɓa hana shi abinci don horo. A tambayi wanda ya yi, domin a gidan yawa mai dukan ba lallai uwar ba ce.

Akwai tarkon da baƙo ba zai gani ba. Ma'aunan shaƙuwar uwa da ɗa suna tambaya ko tana kiran sunansa, tana rungumarsa, tana yabonsa a gaban mutane. Uwar da ke kunyar ɗan fari za ta faɗi duka ukun, alhali ita ce ke ɓoye masa ƙosai a ƙarƙashin faifai. Idan ba a rubuta ko yaron ɗan fari ne ba, lissafi zai nuna ƴaƴan fari ba a son su. Shekaru ma haka: yara da yawa ba su da takardar haihuwa, uwa kuma za ta ce biyar ko goma saboda sun fi sauƙin faɗa. Maganinsa shi ne kalandar abubuwan da garin ya sani, a haɗa ta da dattawa kafin a fara: shekarar da aka gina famfo, azumin da ya faɗo cikin damina, rasuwar maigari. Kuskuren wata shida a shekarun ɗan shekara biyu ya isa ya mayar da lafiyayyen yaro tsumburarre a takarda.

Sai batun keɓewa. Mai tambaya ta shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, ta fara da amarya, sai ga uwar miji ta jawo kujera ta zauna tana tsintar wake. Daga nan duk amsa ta zama "lafiya lau". Dole a koya wa masu tambaya abin da za su ce, kamar: "Inna, a yi mana haƙuri, tambayoyin na mata ne masu nauyi, in mun gama zan zo mu gaisa sosai." In ba ta tashi ba, a koma tambayoyin abinci da rigakafin ƙyanda, a ɗage sauran. Mace ta tambayi mace, namiji ya tambayi namiji, kuma kada a tura mutum garinsu. A cikin KoboCollect, manhajar waya da ake cike amsoshi a kanta, a saka gurbin da za a rubuta ko akwai wani a wurin, don a iya duba tasirinsa daga baya.

Izini yana da matakai, kuma tsallake ɗaya yana iya rushe aikin gaba ɗaya: kwamitin ɗa'ar bincike na ƙasa a ma'aikatar lafiya, hukumomin jiha da na gunduma, sarakuna tun daga fada har mai unguwa, sannan maigida, sannan wanda za a tambaya. Yardar maigari ba ta maye gurbin yardar uwa, yardar uwa ba ta maye gurbin ta yaro. Almajiri kuma malaminsa ne waliyyinsa a wurin, kuma mai yiwuwa a kan malamin ne yaron zai yi magana, don haka sai an tsara yadda amsarsa ba za ta koma kunnen malam ba. Ƙa'idar da ba ta da sassauci ita ce wannan: kada a yi tambayar da ba a shirya wa amsarta ba. Kafin mota ta tashi, a san sunan ma'aikacin da za a miƙa wa yarinyar da ta ce ana lalata da ita, a san asibitin da zai karɓe ta, a ware kuɗin mai da na magani a cikin kasafi. A kuma gaya wa yaro tun farko cewa sirrinsa a rufe yake, sai dai in rayuwarsa na cikin haɗari. Masu tambayar su ma mutane ne. Wanda ya yini yana jin irin waɗannan labarai yana buƙatar zama da shugaban tawaga kowace yamma da hutun kwana ɗaya a sati.

Ƙirga wahala mataki ne na farko. Rigakafi yana buƙatar gwaji, gwaji kuma yana buƙatar rukunin kwatanci da aka zaɓa ta ƙuri'a. Ƙungiya ta auna iyaye kafin shiri da bayansa ta ga duka ya ragu, wannan bai tabbatar da komai ba: wataƙila kaka ce ta yi kyau, wataƙila iyayen sun gane amsar da ake so. Tunda maƙwabta suna hira a bakin rijiya, ba a raba gidajen gari ɗaya gida biyu, garuruwa ake rabawa. A yi ƙuri'ar a bainar jama'a, masu gari su zaro takarda daga ƙwarya da hannunsu, a kuma yi alkawarin cewa waɗanda ba su samu ba yanzu za su samu bayan an gama awo, a cika alkawarin.

Raba garuruwa yana da farashi a lissafi, domin mutanen gari ɗaya suna kama da juna. A ce lissafin farko ya nuna ana buƙatar gidaje 400, za a ɗauki 20 a kowane gari, ma'aunin kamannin mutanen gari ɗaya da juna kuma 0.05 ne. Sai a cire 1 daga 20, a ninka 19 ɗin da 0.05 a ƙara 1, a samu 1.95, wanda za a ninka yawan gidajen da shi. Gidaje 400 sun zama 780, wato garuruwa 39. In aka ce don rage kuɗin mota a ɗauki gidaje 40 a kowane gari, ninkin ya hau 2.95, gidajen su zama 1,180. Yawan garuruwa ya fi yawan gidaje amfani. Sannan a yi tanadin waɗanda za su ɓace: in ana tsammanin rasa ɗaya cikin biyar, 780 ta koma 975. A Damagaram ɓacewar ba ta zo daidai kan kowa ba. Bayan girbi maza na tafiya cin rani, almajirai na bin malamansu, yarinya ta yi aure ta bar gari, matar da aka saka ta koma gidansu da ƴaƴanta. Waɗanda suka ɓace su ne galibi suka fi shiga haɗari, don haka rashinsu yana sa sakamako ya yi kyau fiye da gaskiya. A karɓi lambobin waya uku na dangi daban-daban tun ranar farko, a yi awon farko da na ƙarshe a wata ɗaya na shekara, kada a kwatanta Agusta da Disamba. A kuma rubuta babban abin da za a auna a rajistar gwaje-gwaje kafin a ga sakamako, don kada zuciya ta ja mutum ya zaɓi abin da ya fito da kyau.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne an riga an nuna rigakafin yana yiwuwa a ƙasashe marasa ƙarfi. A gundumar Luwero ta Yuganda, gwajin makarantun firamare 42 da aka wallafa a 2015 ya nuna shirin sauya halin makaranta ya rage haɗarin dukan da malamai ke yi wa yara da kashi 42 cikin ɗari. A Afirka ta Kudu, shirin zama 14 na iyaye da matasansu, wanda aka gwada a iyalai 552, ya rage cin zarafi a gida bisa abin da iyayen suka faɗa. A Jamaika, yara tsumburarru da aka riƙa ziyarta kowane sati tsawon shekara biyu ana koya wa uwayensu wasa da hira da su, bayan shekara 20 sun fi takwarorinsu samun kuɗi da kusan kashi 25 cikin ɗari. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka tattara irin waɗannan hujjoji cikin dabaru bakwai.

Darasin da ya fi kusa da mu daga Nijar ya fito. Wani shirin tallafin gwamnati ya riƙa ba matan gidaje matalauta jika 10 kowane wata, a wasu garuruwa kuma aka haɗa da tarukan tarbiyya da ziyarar gida. Patrick Premand da Oumar Barry sun auna shi ta ƙuri'a. Tarukan sun gyara yadda iyaye ke ciyarwa, kulawa da horo, yara sun ɗan ci gaba ta fuskar zamantakewa da natsuwa, amma tsayinsu da nauyinsu da kaifin fahimtarsu ba su motsa ba. Wannan sakamako ne mai daraja, domin ya hana a yi ta murna a kan sauyin halin iyaye alhali jikin yaro bai shaida ba, ya kuma bar tambaya a buɗe ga mai bincike na gaba: me ya tare hanya, ruwan sha ne, zazzaɓin cizon sauro ne, ko ƙarancin lokacin uwa? Ga kuma makarantar mazaje, wato zaman tattaunawa na magidanta, wadda a wannan jiha aka fara ta da tallafin UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya na sha'anin yawan jama'a, kafin ta bazu zuwa wasu ƙasashe. An kafa ta ne don lafiyar mata masu ciki. Ko zaman mazajen yana taɓa yadda suke horon ƴaƴansu, ko shekarun da suke aurar da ƴaƴa mata, tambaya ce da ta isa doktora guda, kuma ɗan Damagaram ya fi kowa kusa da ita.

Tsanin aikin jami'a yana hannun CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Wagadugu: mataimakin malami, sannan manyan matakai uku har zuwa cikakken farfesa, kowanne sai an miƙa takardu kwamitin masana ya duba abin da mutum ya wallafa. Matsalar ita ce wannan tsari yana son maƙaloli a kai a kai, gwaji mai kyau kuma yana cin shekara uku zuwa biyar. Dabarar ita ce a tsara aiki ɗaya ya haifi maƙaloli da dama na halal: gyaran ma'auni ɗaya, tsarin gwajin ɗaya, awon farko ɗaya, hirarraki ɗaya, sakamako ɗaya, lissafin kuɗin kowane yaro ɗaya. A guji mujallun da ke karɓar kuɗi su buga cikin sati biyu ba tare da bita ba, suna zubar da mutunci.

Babban abin da ke cinye masu hazaƙa shi ne kwangilar ƙungiyoyi. Kuɗin aikin wata ɗaya ya kan fi albashi, ga iyali, ga azuzuwa cike da ɗalibai, ba mai zargin wanda ya karɓa. Amma rahoton na ƙungiya ne, bayanan nata ne, tambayar ma tata ce, kuma bayan shekara goma mutum zai ga ya zaga jihar kaf bai da maƙala ko ɗaya. Haɗin gwiwa da jami'o'in waje ma yana iya zama haka, ɗan ƙasa ya tattaro bayanai, sunansa ya ƙare a layin godiya. Kafin a sa hannu, a rubuta a yarjejeniya wa ke da ikon amfani da bayanan, maƙala nawa ɗan gida zai jagoranta, ɗalibai nawa za su yi kundinsu a ciki, kuma a ajiye kwafin bayanan a jami'ar gida. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 wasu masu ba da tallafi sun janye ko sun rage, wanda ya sa dogaro da tushe ɗaya ya ƙara zama haɗari.

Jarin da ya fi dacewa da malamin da ke zaune a Damagaram, wanda baƙo mai zuwa sati biyu ba zai iya ba, shi ne bin yara na dogon lokaci. A ɗauki jarirai ɗari biyar ko dubu a wasu unguwanni kamar Birni da Garin Malam da Kara-Kara da wasu ƙauyukan Kance, a riƙa komawa kowace shekara a wata ɗaya, da takardar tambayoyi gajera wadda ɗaliban masta za su iya ɗauka a kan babur. A rubuta wanda ke riƙon yaron, ko an tura shi almajiranci, ko an sa shi lakkwal, ko uwarsa na gidan, tsayinsa da nauyinsa. Sunaye a ajiye su daban da amsoshi, a kulle, lamba kawai ta haɗa su. Duk shekara kuma a koma garuruwan da sakamakon, a faɗe shi da Hausa a gaban maigari da limami da mata, a gidan rediyon gari ma a maimaita, sannan a kai shafi biyu ga daraktan kare yara na jiha kafin lokacin tsara kasafin shekara mai zuwa.